Metfomin da bitamin B12: jagora ga sababbin ma'aikatan lafiya na Magariya da Dungas

Duk wanda ya yi aiki a gidajen likita na Magariya da Dungas ya san inda hankalinmu ya fi karkata. Da damina ta kankama, zazzaɓin cizon sauro da tamowa sai su cika sashen yara na asibitin Magariya, inda ƙungiyar MSF ke taimakawa tun 2005, mu kuma a CSI, ƙananan cibiyoyin lafiya, mu wuni muna gwaji muna turawa. Cikin wannan hada-hada ne dattijo mai ciwon suga yake zuwa ya zauna a kan benci, a auna masa suga, a sabunta masa takardar magani, ya kama hanya. Shekara biyar, shekara takwas, ba wanda ya taɓa ce masa ya cire takalmi.

Ƙannena, kuskure ɗaya ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ni ma na yi shi. Mai suga ya ce ƙafafunsa na mijirya, sai mu ce suga ne ya taɓa jijiya, mu ƙara masa metfomin, mu haɗa masa ƴan ƙwayoyin nan ruwan ɗorawa da ake rubuta wa B-complex a jikin gwangwani, mu sallame shi. Sau da yawa sugan ne. Amma akwai waɗanda maganin da muke ba su ne ya ƙarar musu da bitamin B12, kuma jijiyar da rashin B12 ya daɗe yana ci ba ta cika dawowa daidai ba.

Wani dattijo manomin rake daga fadamar Korama ya koya mini wannan. Shekararsa tara yana shan metfomin, bai taɓa wasa da shi ba, sugansa na safe kuwa ba laifi. Ya ce mini: "Ɗana, takalmina yakan zare ban sani ba, sai na waiwaya in hango shi a baya. In na rufe ido ina wanke fuska wajen alwala, sai ƙasa ta juya da ni." Ya daina zuwa masallaci da asuba don duhu na kayar da shi. A gida ana cewa sammu ya taka. Sau uku ina sallamarsa da ƴan rawayan nan. A zuwa na huɗu wani likita da ya zo rangadi ya ce masa, "Baba, ku fito da harshenku." Harshen ja wur, sumul kamar an goge shi. Likitan bai ce mini komai ba a gaban dattijon, sai ya tambaye ni shekara nawa yana kan maganin.

Abin da ke faruwa a ciki

Metfomin magani ne mai albarka, kada wani ya fahimce ni a baibai. Tun 1957 da wani likitan Faransa, Jean Sterne, ya fara ba masu suga shi, har yau shi ake farawa da shi a ciwon suga nau'i na biyu. Yana da araha, kuma shi kaɗai ba ya kayar da suga ƙasa warwas.

Shi B12 ba ya shiga jini haka kawai. Tumbi na fitar da wani sinadari da ke riƙe shi ya raka shi har ƙarshen ƙaramin hanji, can ake karɓarsa, ƙofar kuma ba ta aiki sai da kalsiyam. Bayanin da masana suka fi rinjaya a kai shi ne metfomin na dagula aikin kalsiyam a wannan ƙofa. Hanta ce rumbun B12: tana ajiye miligiram 2 zuwa 5, alhali abin da baligi ke buƙata a rana mikrogiram 2.4 ne kacal. Shi ya sa rumbun kan kai shekara 3 zuwa 5 ana ɗiba ba a zubawa kafin a ga ƙasansa, kuma shi ya sa ba mu alaƙanta ciwon da maganin: mutum ya daɗe yana sha lafiya lau.

Maganar ba sabuwa ba ce. A 1971 wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta BMJ ya gano kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka daɗe kan metfomin hanjinsu ba ya karɓar B12 yadda ya kamata. A 2010 aka fitar da sakamakon gwajin da aka yi a Holan kan mutum 390: masu shan miligiram 850 sau uku a rana, bayan shekara huɗu da ƴan watanni, B12 ɗinsu ya ragu da kashi 19 cikin 100 in an gwada da waɗanda ba su sha ba. A 2022 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta sanar cewa matsalar kan shafi har mutum 1 cikin 10 na masu shan maganin. Ku lura, waɗannan mutane ne da nama da madara ba su yanke musu. Ku auna da dattijon Guci ko Sasumburum da tuwo da miyar kuka ne cimarsa.

Kayan aiki

- Karnen majinyaci, wato ɗan littafinsa na asibiti, da dukan kwalayen magungunan da yake sha, har waɗanda ya saya da kansa.
- Na'urar awon suga, da na'urar awon himogulobin in akwai.
- Diyafazon, ƙarfen nan mai baki biyu da ake kaɗawa, mai lamba 128.
- Zaren nailan na awon ƙafa, mai giram 10. In babu, ɗan yatsanka ya isa, zan nuna yadda ake yi.
- Tocila, da haske mai kyau.
- B12 na gaske: ampul mai mikrogiram 1000, siyanokobalamin ko hidiroksokobalamin, ko ƙwaya mai mikrogiram 1000. A bar ampul cikin kwalinsa, haske na lalata shi.
- Sabon sirinji, auduga da alkol, da adirenalin a kusa.

Mataki na 1: Ƙidaya shekarun, kuma ka ga kwalin da idonka

Kada ka tambayi "yaushe kuka fara?" ka tsaya nan, don za a ce maka "an jima." Tambayi damina nawa, ko kafin aurar da wace ɗiya, ko kafin zuwa Makka. Sa'an nan ka karɓi kwalin. Gani ya kori ji. Mutanenmu na sayen magani a inda ƙafa ta kai su: Magariya, Damagaram, Maigatari ranar Alhamis, Babban Mutum in an ƙetare ta Tinkim, ko ɗa ya aiko daga Kano. Suna ya bambanta, magani ɗaya ne. Glucophage metfomin ne. Glucovance metfomin ne haɗe da gilibenkilamid, kuma na sha jin ma'aikaci ya ce "ai ba ya kan metfomin" alhali ga shi a cikin haɗin. Karanta ƙananan rubutun.

Tara adadin na yini: 500 ne, 850 ne ko 1000, kuma sau nawa. Ni dai duk wanda ya kai shekara 4 a kan maganin, ko yake shan miligiram 1500 zuwa sama a rana, ko ya haura shekara 65, ina sa masa alama a rajista. Haɗarin na ƙaruwa da yawan maganin da kuma daɗewa a kansa. Gilibenkilamid shi kaɗai da insulin ba a san su da wannan illa ba.

Mataki na 2: Tambayi tukunya, tambayi aljihu

B12 daga dabba yake: hanta, nama, kifi, ƙwai, nono. Gero, dawa, wake, gyaɗa, zogale, duk da amfaninsu, babu shi a ciki. Tambayi sau nawa aka ci nama a makon jiya, ba "kuna cin nama?" ba, don ba magidancin da zai ce maka a'a. Tsoho marar haƙori kuwa ko an dafa sai ya miƙa wa jika.

A nan akwai laifin da mu muke jawowa da bakinmu. Mukan ce wa mai suga ya daina shan fura. Ya bi maganarmu, ya bar furar, ya bar nonon tare da ita, alhali a gidaje da yawa nonon nan shi ne kaɗai abin dabba da ke shiga cikinsa kullum. Kofi guda na madara na ɗauke da kusan mikrogiram 1 na B12, wajen rabin buƙatar yini ke nan. Ka raba masa maganar: a rage dunƙulen fura, a bar sukari kwata-kwata, nono da kindirmo kuwa a ci gaba da sha.

Sa'an nan aljihu. Omefirazol da simetidin, maganin olsa da ake saya ba takarda, suna rage tsamin tumbi, tsamin nan kuwa shi ke raba B12 da abinci. Mai shan su wata da watanni tare da metfomin an tare masa hanya biyu. Tambayi kuma ko yana kan maganin tarin fuka, ko an taɓa yi masa aikin tumbi ko na hanji, ko yana shan giya. Wannan ta ƙarshe a tambaye ta in ba kowa a ɗakin.

Mataki na 3: Duba jiki, daga ido zuwa tafin ƙafa

Nan ne aikin yake, kuma minti biyar ya isa.

Fara da fuska. Janyo fatar ido ta ƙasa ka ga ko ta yi fari, ka duba farin idon ko akwai ɗan rawaya-rawaya kamar shawara na son kamawa. Haska harshe: lafiyayye yana da ƙananan ƙurzunu, na mai rashin B12 yakan zama ja sumul, yaji na ƙona shi. Juya hannunsa ka dubi gaɓoɓin yatsu da tafi. A baƙar fata rashin B12 kan sa su yi duhu fiye da sauran jiki, alamar da ake yawan wucewa a kanta.

Yanzu a cire takalmi, ƙafa biyun duka. Ce masa, "Baba, ku rufe idanunku, in kun ji na taɓa ku ce e." Da ɗan yatsa ka taɓa kan babban yatsan ƙafa, da na uku, da na biyar, taɓawa marar nauyi ta daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. Kada ka danna, kada ka shafa, kada ka maimaita don kana son ya ji. In ya kasa jin biyu ko fiye cikin shidan, jijiya ta taɓu. Wannan awo a asibitin Ipswich na Ingila aka tsara shi, kuma ba ya buƙatar komai sai hannu. In kana da zaren nailan, danna har ya lanƙwashe, amma ka kauce wa kanta da faso. Ƙafar manomi ko lafiyarta ƙalau ba ta jin zare a kan kanta, sai ka rubuta cutar da babu.

Diyafazon shi ne ya fi kusa da abin da muke nema, domin rashin B12 na fara cin hanyar da ke bayan laka, wadda ke kai saƙon girgiza da sanin inda gaɓa take. Kaɗa shi ka ɗora a ƙashin wuyan hannunsa tukuna, don ya san abin da ake tambayarsa. In ba haka ba zai ce "na ji" saboda sanyin ƙarfen ya ji. Sai ka ɗora a ƙashin babban yatsan ƙafa. Bai ji ba, hau idon sawu, sa'an nan gwiwa, ka rubuta inda ya fara ji. Bayan haka riƙe babban yatsan ta gefe da gefe, ka ɗaga ko ka sauke, idonsa a rufe, ya faɗa maka sama ne ko ƙasa. In ka riƙe ta sama da ƙasa, matsin yatsunka zai ba shi amsa.

Daga nan ya miƙe, ya haɗe ƙafafu, ido buɗe. In ya tsaya daidai, ya rufe ido na daƙiƙa 30. Tsaya dab da shi, hannuwanka a shirye, don wanda abin ya kama faɗuwa yake yi ba shiri. Wannan shi ne abin da dattijona ke faɗa mini da maganar alwala, ban gane ba.

Ciwon jijiya na suga yakan fara daga yatsun ƙafa da zogi da raɗaɗi, ya hau sannu kamar safa, ba ya kai hannu sai ya kusa gwiwa. Na B12 yakan kama hannu da ƙafa kusan lokaci guda, da tangaɗi cikin duhu, da mantuwa ko canjin hali da iyali ne za su faɗa maka. Amma kada ka rantse a kan wannan bambanci, su biyun sukan haɗu a ƙafa ɗaya. In kuwa matsalar gefe guda ce, ko ta zo farat ɗaya, ko akwai tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi, to wata maganar ce: shanyewar ɓarin jiki ko kuturta. A tura. Gyambon ƙafa ma a tura ranar.

Mataki na 4: Awo, in ya samu

A CSI ba mu auna B12, sai babban labo na birni, daga Magariya zuwa Damagaram kuma kusan kilomita 90 ne da kuɗin mota. Wanda ke da hali a tura shi. Ƙasa da 200 pg/mL rashi ne tabbas, 200 zuwa 300 kan iyaka ne, mai alamu a yi masa magani. A ɗebi jinin kafin allurar farko. In an riga an yi allura, awon zai fito sama, an yi asarar kuɗin bawan Allah.

NFS, awon ƙwayoyin jini, na taimakawa: VGM, wato matsakaicin girman ƙwayar jini, in ya haura 100 na nuna ƙwayoyin jini sun yi girma fiye da kima. Amma VGM daidai ba ya wanke kowa, musamman a nan da ƙarancin sinadarin ƙarfe ya yawaita. Shi yana ƙanƙanta ƙwayar jini, rashin B12 na kumbura ta, sai lissafin ya fito tsakiya. Wani bincike na 1988 a Amurka ya gano kashi 28 cikin 100 na waɗanda rashin B12 ya taɓa wa jijiya ko ƙwaƙwalwa ba su da ƙarancin jini ko kumburin ƙwaya. Saboda haka mai tangaɗi, mai shekaru a kan metfomin, wanda ba shi da kuɗin awo, ba na sa shi jira. B12 ba shi da tsada kuma illarsa kaɗan ce, jira kuwa jijiya yake ci.

Mataki na 5: Magani

Sanar da majo, shugaban CSI, ko likitan gunduma, a bi tsarin da suka amince da shi. Wanda aka saba da siyanokobalamin shi ne mikrogiram 1000 a tsoka kullum na mako ɗaya, sai sau ɗaya a mako na mako huɗu, sai sau ɗaya a wata. Da hidiroksokobalamin, mai alamun jijiya ana yi masa ran nan a tsallake gobe har sauƙin ya daina ƙaruwa, sa'an nan duk wata biyu. Faɗa masa fitsari na iya yin ja-ja, kada ya tsorata. Bayan allurar farko ya zauna kusa da kai na ɗan lokaci, don akwai ƙalilan da jikinsu ke ƙin ta.

A tsoka na ce, ba a cikin ƙarin ruwa ba. Na san mutanenmu na son ganin ruwa mai kala yana ɗiga, har su roƙa. B12 da aka zuba a jijiyar jini mafi yawansa fitsari yake bi nan da nan.

Wanda ba shi da alamun jijiya, ko ƙauyensa ya yi nisa, ƙwayar mikrogiram 1000 kullum na aiki, domin kusan kashi 1 cikin 100 na ratsa hanji ba ta ƙofar nan da aka tare ba. Amma fa sai ta kai 1000. Karanta gwangwanin B-complex da ke kan teburinka: da yawansu B1, B2, B6 da nikotinamid ne kawai, ba B12 ko ɗigo, wasu kuma ɗan abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba.

Babban haɗari shi ne folik asid shi kaɗai. Ka ga mai suga ya yi fari, ka miƙa masa ƙwayar ƙarin jini irin ta masu juna biyu. Jini zai iya gyaruwa, kowa ya yi murna, laka kuwa na ci gaba da lalacewa a ɓoye. In ana zaton rashin biyun, B12 ake fara bayarwa. Wanda jininsa ya yi ƙasa sosai, yana haki ko ƙafa ta kumbura, asibiti za a kai shi, don a kwanakin farko na magani fotashiyam na iya faɗuwa ya taɓa zuciya.

Abinci na taimakawa amma ba ya maye allura. Giram 100 na hantar saniya na da fiye da mikrogiram 50, tsinken hanta ɗaya ran kasuwa ba ƙaramin abu ba ne. Da damina ga ƙwan zabi a ko'ina.

Mataki na 6: Sauran dangin B

B6 kaifi biyu gare shi. Izoniyazid na maganin tarin fuka na ƙarar da shi, mai suga kuma ya fi saurin kamuwa da tarin, don haka a haɗa masa piridoksin miligiram 10 zuwa 25 a rana. Amma B6 in ya yi yawa shi kansa mijirya yake kawowa. Haɗin B1-B6-B12 da ake saya a farmasi don "ciwon jijiya" wani na da miligiram 100 ko fiye na B6 a ƙwaya ɗaya, ga mutum na sha sau uku a yini wata shida. Ƙidaya masa, ka tsayar. B1 kuwa masu suga na zubar da shi a fitsari fiye da sauran mutane, furozemid na ƙara zubar da shi, sai a tuna da shi ga mai ciwon zuciya da ba ya cin abinci sosai.

Mataki na 7: Kada a tsayar da metfomin, a rubuta, a bibiya

Da ka ce wa mutum maganinsa ne ya jawo, gobe zai jefar da shi ya koma jiƙo. Zaɓi kalmominka: "Inna, maganinku na aiki, ku ci gaba da sha. Yana rage wani sinadari ne a jiki, shi za mu mayar muku." Kai ma kada ka canza shi zuwa gilibenkilamid saboda wannan dalili, ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago: tsohon da suga ya faɗi masa a gona shi kaɗai ya fi shiga haɗari. Abin da ke sa a dakatar da metfomin daban ne, kamar ƙoda da ta gaza ƙwarai, ko rashin lafiya mai tsanani da amai da gudawa.

Ƙarfin jiki kan fara dawowa cikin makon farko, jini ya daidaita wajen wata biyu, jijiya kuwa sai wata uku zuwa shida, wani lokaci shekara. Faɗa masa haka tun farko, in ba haka ba zai bar allurar a ta uku. Muddin yana kan metfomin, B12 ɗin ma ci gaba zai yi. Rubuta a bangon karne da babban baƙi: shekarar fara metfomin, ranar da aka duba ƙafa, inda ya fara jin diyafazon, da ranar allura ta gaba. Sa masa ranar ta dace da kasuwar garin da CSI yake, don ranar ce ake samun mota ko amalanke. Kowane mai suga a duba masa ƙafa sau ɗaya a shekara ko bai yi kuka ba.

Dattijona ya koma sahun asuba bayan wata uku, harshensa ya warke tun kafin nan. Yatsun ƙafarsa dai har yau ba ya jinsu. Na hana shi jin ɗumin kasko da ƙafa a hunturu da taka rairayi ba takalmi da rana, na sa ya sayi takalmi mai maɗauri a dunduniya. Kowane dare bayan lisha uwargidansa na haska tafin ƙafarsa da tocila tana neman ƙaya.